Injin Sassaƙa Mai Girgizar Altirasonik: Amsoshin Tambayoyin Masu Sana'a a Yamai

Bidiyon wannan inji ya yawaita a wayoyin masu sana'a. Za ka ga siririn baki yana nutsewa cikin gilashi mai kauri, ruwa fari fat yana kwarara, ya fito ya bar rami sumul, gefensa ko ɓantarewa babu. Masu tur na unguwar masana'antu, masu haɗa gilashi da alminiyom na kasuwar Katako, masu haɗa haƙori da ɗaliban makarantun fasaha duk suna tambaya a kansa, kuma tambayoyin sun yi kama da juna. Ga su nan tare da amsoshinsu.

Malam, wane irin inji ne wannan, kuma me ya raba shi da injin sassaƙan da muka sani?

Gangar jikinsa ɗaya ce da ta injin sassaƙa mai kwamfuta, wanda ake ce wa CNC: ga teburin da ake ɗaure aiki, ga kai mai juya baki, ga allon da ake ba shi umarni. Ƙarin da aka yi masa abu ɗaya ne. Bakin yana juyawa kamar kullum, amma a lokaci guda yana karkarwa sama da ƙasa, sau 20,000 zuwa 50,000 a cikin daƙiƙa guda. Jin kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen 20,000, don haka girgizar ta wuce ji, abin da ake nufi da altirasonik ke nan.

Tazarar karkarwar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, yawanci ba ta wuce mikron 10 ko 15. Mikron shi ne milimita an raba ta gida dubu, kaurin gashin kai kuwa yana kai wajen mikron 70. Ido ba ya ganinta. Amma buga lissafi ka gani: idan bakin yana juyi 6,000 a minti, juyi 100 ke nan a daƙiƙa. Da girgiza 20,000, kowane juyi guda yana ɗauke da bugu 200.

Shi kansa bakin ba irin mai haƙoran nan ba ne da ake sassaƙar ƙarfe da shi. Sanda ce ko siririn bututu da aka lulluɓe kansa da ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u, an kafe su da nikel ko tagulla. Aikin nasa gurza ne haɗe da bugu.

Me ya sa gilashi da tangaran suke da wuyar aiki haka? Ai ƙarfe ya fi gilashi ƙarfi.

Saboda tauri daban, juriya daban. Tauri shi ne abu ya ƙi karcewa. Juriya kuwa ita ce tsaga ta fara a jikinsa ya hana ta gudu. Ƙarfe yana da juriya: ka danna masa baki, sai ya lanƙwashe ya fita zare-zare, abin da kowane mai tur yake sharewa da yamma. Gilashi da tangaran suna da tauri, amma suna da gautsi. Ba su san lanƙwasa ba. Ka matsa musu, su tsaya ƙyam, ka ƙara matsawa, su dare.

A ma'aunin tauri na Friedrich Mohs, wanda ya fitar a 1812, gilashin taga yana wajen 5.5, ma'adinin kwaz da ke cikin yashi 7, zirkoniya wajen 8, alumina 9, lu'ulu'u 10. Silikon kabaid yana tsakanin alumina da lu'ulu'u. Shi ya sa bakin ƙarfe yake dakushewa nan take a kansu. A ma'aunin juriyar tsaga kuwa lissafin juyewa yake yi: gilashi bai kai 1 ba, alumina 3 zuwa 4, zirkoniya 5 zuwa 10, ƙarfe mai kyau kuma daga 50 zuwa sama.

Injiniyan Ingila A. A. Griffith ne ya bayyana sirrin a 1921, kuma da gilashi ya yi gwajinsa. Ya nuna cewa fashewa tana farawa ne daga ƙananan tsagogin da ke fuskar gilashin, waɗanda ido ba ya gani. Da zarar ƙarfin da aka sa ya kai wani mataki, ɗaya daga cikinsu ta ruga ta raba abin biyu. Mai yankan gilashi da wannan halin yake cin abinci: ya ja layi da abin yanka, ya danna, tsagar ta bi layin. Matsala tana zuwa ne in ana son rami, ko kwarmi, ko wata siffa mai lanƙwasa, inda tsagar ba ta da layin da za ta bi.

To ta yaya girgiza za ta hana fashewa? Na ɗauka bugu ne ke fasa gilashi.

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma mai tambayar yana da gaskiya. Injin bai hana fashewa ba. Fasawa yake yi, sai dai yana ƙayyade girman kowace fashewa. Wanda ya taɓa ganin mai koɗa dutsen niƙa ya ga tushen abin: makoɗi yana sauka ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowane bugu yana ɓantarar ɗan tsaki, dutsen bai tsage ba. Da a ce guduma ya ɗaga sau ɗaya, da an rasa dutsen.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin bakin. Kowace ƙwayar lu'ulu'u tana sauka ta huda ɗan wuri, ƙananan tsagogi su buɗe a ƙarƙashinta. Da ta ɗaga, sai tsagogin gefe su ɓullo sama, ɗan ɓarɓashi ya tashi. Zurfin tsagar ya danganta da nauyin da aka ɗora wa ƙwayar. A injin da ba ya girgiza, bakin yana manne da aikin koyaushe, sai an danna shi da ƙarfi kafin ya ci, kuma wannan dannawar ce take tura tsaga can ciki. Da girgiza kuwa bakin yana taɓawa yana saki, matsin da aikin ke ɗauka gaba ɗaya ya ragu. Kamfanonin da ke ƙera injin suna cewa ragin yakan kai kusan rabi a wasu ayyuka. Maganar mai talla ce, a saurare ta da kunnen ciniki, amma ragin kansa gaskiya ne, an sha auna shi.

Akwai wasu amfanoni da suke biyo baya. A ɗan tsakanin bugu da bugu ruwan sanyaya yana samun hanyar kutsawa ya wanke garin gilashin, don haka bakin ba ya toshewa kuma zafi ba ya taruwa. Ƙwayoyin lu'ulu'un ma suna ɗan ɓantarewa su fito da sabon kaifi maimakon su goge su yi santsi. Saboda matsin ya ragu, ana iya sassaƙa bango siriri wanda bai kai milimita ba, ko a huda rami mai zurfi da baki siriri ba tare da ya karye ba.

Abin da ba ya yi shi ne goge fuska ta yi ƙyalli. Inda ya bi yana fitowa da hazo-hazo, kuma har yanzu akwai ƙananan tsagogi a ƙarƙashin fuskar, ko da yake ba su kai zurfin na gurzar gargajiya ba. Madubin ido ko na kyamara sai an bi shi da wani aikin gogewa daban.

Daga ina girgizar take fitowa?

Daga cikin mariƙin bakin. An jera wasu zobba na wani tangaran na musamman da ake kira PZT, wanda in aka ba shi lantarki yake ɗan miƙewa, in aka juya lantarkin ya tsuke. Ƴan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka tabbatar da wannan ɗabi'a a jikin kwaz a 1881. Wata akwati a gefen injin tana karɓar kuran ɗinmu mai juyi 50 a daƙiƙa ta mayar da shi mai juyi dubbai, ta aika wa zobban. Tun da mariƙin yana juyawa da gudu, ba a iya ɗaura masa waya. Shi ya sa a injunan zamani ake sa naɗin waya biyu, ɗaya a kafe a kan injin, ɗaya yana juyawa tare da mariƙin, da ɗan rata tsakaninsu, wutar tana tsallakawa ta maganaɗisu.

Miƙewar zobban ita kaɗai ba ta isa komai ba. Sai an dace da adadin girgizar da bakin yake amsawa, wanda ya danganta da tsawonsa da nauyinsa, sannan karkarwar take ƙaruwa ta taru a tsininsa. Kowane baki da nasa adadin. In ka canza baki, ko ka zaro shi ya ƙara tsawo da ƴan milimita, ko ya cinye, ko ya ɗau zafi, adadin ya gusa. Injuna masu kyau suna laluben adadin da kansu suna binsa yayin aiki. Masu araha da yawa ba sa yi, kuma a nan ake yaudaruwa: allo yana nuna girgiza a kunne, alhali bakin gurza kawai yake yi.

Gwajin da ake yi mai sauƙi ne. A tsayar da juyi, a kunna girgiza, a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a tsinin bakin. In tana aiki, ɗigon zai watse ya zama hazo nan take, har ka ji wani siririn sauti yana tsikarar kunne. In ɗigon ya tsaya yana lilo, babu abin da ke faruwa.

Sabuwar fasaha ce?

Ta girmi yawancin masu tambayar. A 1945 Lewis Balamuth ya yi rajistar hanyar farko. A wancan tsarin bakin ba ya juyawa, karkarwa kawai yake yi, ana kwarara masa ruwa gauraye da gari mai kaifi, garin ne yake cin aikin. Har yau ana amfani da shi, don yana iya huda rami mai kusurwa huɗu ko kowace siffa, sai dai yana da nawa kuma bakin yana cinyewa. A 1964 Percy Legge, a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell da ke Ingila, ya haɗa girgiza da juyi, ya sa baki mai lu'ulu'u a jiki, aka huta da garin. Wannan shi ne kakan injin da muke magana a kai.

Wanda ya fi suna a kasuwa yau shi ne samfurin ULTRASONIC na kamfanin DMG MORI, wanda ya samo asali daga masana'antar Sauer a ƙauyen Stipshausen na Jamus. Ƙauyen yana kusa da Idar-Oberstein, garin masu sassaƙar duwatsun ado. Mu ma muna da tsohuwar alaƙa da garin nan ba tare da mun sani ba: a ƙarni na 19 masu sana'arsa sun riƙa sassaƙa kayan ado na dutse musamman don kasuwannin Afirka, har da irin waɗanda Abzinawa ke ratayawa a wuya. Yanzu Sin da Taiwan da Japan ma suna ƙera nasu injunan.

Shi ne irin wanda ake duba cikin mata da shi a asibiti?

Danginsu ɗaya, aikinsu daban. Na asibiti yana aika girgiza miliyoyi a daƙiƙa da ƙarfi kaɗan, ya saurari amsa-kuwwarta ya zana hoto. Ƴan'uwan injinmu na kusa su ne ɗan kwanon wanke-wanke da masu gyaran waya da maƙeran zinariya ke amfani da shi, mai girgiza wajen 40,000, da kuma abin da likitan haƙori ke kankare dattin haƙora da shi.

Ni mai haɗa gilashi ne a Katako. Zai huda mini gilashin ƙofa mai ƙarfin nan, ko gilashin faifan sola?

A'a, maigida, kuma babu injin da zai yi maka wannan. Irin gilashin nan an gasa shi ne sama da digiri 600, aka hura masa iska ya huce farat ɗaya. Fatarsa ta waje a matse take, cikinsa kuma a ɗaure yake yana ja. Muddin baki ya ratsa fatar ya taɓa cikin, duk faifan zai rugurguje ya zama tsakuwa. Haka gilashin gefen mota yake, haka na yawancin faifan sola. Ramin hannun ƙofa da na maƙalai tun a masana'anta ake huda su, kafin gashi. Gilashin fuskar waya ma sai an gama yanka shi da huda shi sannan a tsoma shi cikin narkakken gishirin fotasiyom ya yi ƙarfi. Don haka in za ka yi odar ƙofa, ka aika da awon ramukan tun farko.

Gilashin taga da na tebur da madubi kuwa ba sa buƙatar injin miliyoyi. Baki mai lu'ulu'u irin na bututu, na ƴan jikkuna, ya isa, in an bi shi da ladabi. A shimfiɗa gilashin a kan katako mai laushi wanda ya kwanta daidai. A murza mastik a kewaye wurin ramin, a cika da ruwa. A fara a karkace har bakin ya kama, sannan a miƙe shi, juyi a hankali, hannu ba nauyi, ana ɗagawa ana saukewa don ruwa ya shiga. In ruwan ya yi fari ya yi kauri, a canza shi. Da an kai rabi, a juya gilashin a huda ta baya su haɗu a tsakiya, domin yawancin ɓantarewa a wajen fitar baki take faruwa, lokacin da ɗan abin da ya rage ya yi siriri ya kasa ɗaukar nauyi. Ko injin altirasonik ragewa yake yi a wannan wurin, bai kawar da ita ba. Haka ake yi wa karo mai tauri da dutsen kan tebur, kuma kada a kuskura a kunna bugun guduma na injin huda.

Malam, ina aiki a ɗakin haɗa haƙori. Ana cewa zirkoniya sai da irin wannan inji.

Malama, ba haka ba ne a yawancin aikinku. Faifan zirkoniyar da ake sayar wa masu haɗa haƙori rabin gashi aka yi masa, yana da laushi, ƙaramin injin sassaƙa mai kwamfuta yana cinsa ba wahala. Ana sassaƙa haƙorin ya fi girmansa na gaskiya, sannan a gasa shi a wajen digiri 1,500, ya tsuke da kusan kashi 20 cikin 100 ya yi taurinsa na ƙarshe. Kowane faifai yana zuwa da lambar tsukewarsa, kwamfuta ce take lissafa ƙarin. Abin da kike buƙata shi ne na'urar ɗaukar siffar baki, ƙaramin injin, da tanda mai riƙe zafi daidai, tare da wutar da ba za ta yanke a tsakiyar gashi ba.

Altirasonik yana shigowa ne inda ake sassaƙa zirkoniyar da ta riga ta gama gasuwa, kamar a masana'antun da ke yin dashen haƙori ko ƙwallon ƙugu na tangaran, inda awo ba ya yarda da ko ɗan kuskuren tsukewa.

To su wa suke sayensa?

Masu ayyukan da kayan aikin kansa ya fi lokacin inji tsada. Masana'antun da ke yin ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta suna buƙatar faranti da zobba na gilashin kwaz, silikon da silikon kabaid, wasu da ɗaruruwan ƙananan ramuka. Masu madubin hangen taurari suna amfani da Zerodur, wani gilashi-tangaran na kamfanin Schott da ke Mainz, wanda kusan ba ya miƙewa da zafi. Babban madubin hangen taurari na ELT da ake ginawa a Chile, mai faɗin mita 39, gutsattsari 798 ne na wannan gilashin. A madubin da za a harba sama kuwa, akan rarake bayansa a bar siraran bangaye don ya rage nauyi, aikin da tsaga ɗaya ke iya zubar da wahalar watanni. Sai masu agogo na tangaran da safaya, da masu injin jirgin sama da birkin motoci masu tsada.

A ƙasarmu ma tangaran na masana'antu yana nan, sai dai a ɓoye. Farin jikin buji alumina ne. Zoben da ke hana ruwa zuba a cikin pompon foraj sau da yawa silikon kabaid ne ko alumina. Amma waɗannan ana ƙera su ne dubu-dubu a waje, kuma fuskar zoben sai an goge ta ta kwanta da kuskuren da bai kai mikron ɗaya ba, aikin da wani inji daban ke yi. Sayo su ya fi ƙera su araha nesa ba kusa ba.

Tukwanen Boubon fa, ko dutsen da masu sassaƙa na Agadas ke aiki da shi?

Ba sa buƙatarsa. Tukunyar ƙasa ana gasa ta ne ƙasa da digiri 1,000, kuma mai ginin ta gama ba ta siffa tun tana ɗanya. Alumina kuwa sai wajen 1,600. Dutsen talk na tsaunukan Ayar shi ne na 1 a ma'aunin Mohs, farce ma yana karce shi, wuƙa da magagari sun ishe shi.

Yana sassaƙa ƙarfe?

Yana yi, da baki mai haƙora na kabaid maimakon lu'ulu'u. Ana amfana da shi a ƙarafa masu taurin kai irin titaniyom da gaurayen nikel na injin jirgi, da kuma faifan zaren kabon, inda yake rage zafi da tsagewar gefe. A kan alminiyom, tagulla da baƙin ƙarfen da ake aiki da su kullum a tur, ribar ba ta kai kuɗin ba. Kuma kada a ɗora lu'ulu'u kan baƙin ƙarfe: in wurin ya yi zafi, ƙarfen yana shanye kabon ɗin lu'ulu'un, bakin ya mutu da wuri.

Malam, nawa zai ci mini in ina so in kawo shi?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Sabon inji na Jamus mai motsi ta hanyoyi biyar, maganar ɗaruruwan dubban yuro ake yi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka kowace yuro 100,000 ta haura sefa miliyan 65 da rabi. Ku ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na mota daga tashar Lome ta Burkina, tun da hanyar Kwatano ta toshe daga 2023, da duwan, da kuɗin injiniyan da zai zo ya kafa shi ya koyar da yaranku. Bakunan lu'ulu'u kuma cinyewa suke yi, kuma ba a samunsu a kasuwa nan.

Akwai hanya mai sauƙi: mariƙin baki mai girgiza tare da akwatinsa, wanda ake ɗora wa injin CNC da mutum ya riga ya mallaka. Kuɗinsa kaɗan ne in an kwatanta. Sharaɗin shi ne injin ya zama mai juyi da sauri, bakin ba ya rawa gefe-gefe, yana iya tura ruwa ta cikin baki, kuma an rufe hanyoyin zamiyarsa da kyau. Garin gilashi da na tangaran yana da kaifi. In ya shiga inda ƙarfe ke zamewa kan ƙarfe, zai cinye injin daga ciki.

Amma kafin maganar kuɗi, ku fara da tambayar wa zai kawo aikin. A ganina, wanda ba shi da mai oda tsayayye na kayan tangaran ko kwaz, gara ya sa dukiyarsa a injin CNC na yau da kullum, wanda aikin ƙarfe da alminiyom zai ciyar da shi kowace rana.

A ce an kawo shi, zai yi aiki a yanayin Yamai?

Zai yi, in an gina masa ɗaki kafin ya iso. Abu huɗu ne ke jiransa.

Na farko zafi. Duk awon masana'antu a duniya a kan digiri 20 aka tsayar da shi, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa da wajen mikron 12 a kowane digiri. Ɗauki sashen inji mai santimita 30: in ɗaki ya ƙara digiri 10 tsakanin safe da azahar, ya miƙe da mikron 36. Wanda ya sayi inji don ya riƙe awon mikron 5 ya ga inda kuɗinsa suka tafi. Sanyaya ɗakin dare da rana dole ne, kuma daidaiton sanyin ya fi tsananinsa muhimmanci. Zobban PZT ma ba sa son zafi, yana gusar da adadin girgizarsu.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu cike yake da garin yashi mai kaifi, kuma yana shiga ko'ina. Ɗakin yana son ƙofa biyu, ba taga a buɗe, kuma iskar kwamfaresa sai an tace ta an busar da ita.

Na uku kuran. Injin yana cin wuta mai layi uku, wajen volt 380 zuwa 400, kuma ba ya son hawa da sauka. Kowa ya tuna yadda aka sha a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke zuwa ta Birnin Kebbi, kuma ko ba wannan ba, lokacin zafi buƙata tana fin abin da ake samu. Yankewar wuta a tsakiyar aikin ƙarfe takan bar tabo kawai. A tsakiyar ramin gilashi kuwa ruwa ya tsaya, baki ya kafe, sau da yawa aikin da bakin duka sun tafi. Gurup kaɗai bai wadatar ba, domin kafin ya tashi ɓarnar ta auku. Sai an sa batura masu riƙe wuta a tsakani, da na'urar daidaita ta.

Na huɗu ruwa, wanda aka fi mantawa da shi. Ramin da ke cikin siririn baki wani lokaci bai kai milimita ba, ɗan datti kaɗan ya toshe shi. Ruwan sai an tace, an gauraya shi da maganin gurza na musamman, kuma ana raba shi da garin gilashin da na'ura mai juyawa, don garin ya yi laushin da yake ratsa matata ta takarda. In aka bar shi ya kwana a tanki da bututu, daskarewa yake yi ya yi tauri, sai an sa kurfi.

Yana da illa ga lafiyar mai aiki?

Babban haɗarin ba a girgizar yake ba, a garin yake. Garin kwaz da dutse in ya bushe ya tashi, yana shiga huhu ya zauna, ya jawo ciwon huhun da masu fasa dutse da masu haƙar zinariya suka sani, wanda ba ya warkewa. A yi aiki da ruwa, a kwashe taɓon tun yana jiƙe, kada a share shi da tsintsiya ko a hure shi da iska. Wannan gargaɗin ya fi shafar mai yankan karo a busasshe a bakin titi fiye da mai babban inji a rufe.

Kada a taɓa baki yana girgiza, yana ƙona fata ko da ba ya juyawa. Siririn ƙaran da yake fitarwa kuma yana sa ciwon kai in an daɗe, a toshe kunne.

Babu wata hanyar da ta fi shi sauƙi?

Ya danganta da aikin. Injin yanka da ruwa mai matsin wajen bar 4,000 gauraye da yashi na musamman yana yanka gilashin da ba a gasa ba, karo da dutse kowace siffa, amma ratsawa yake yi gaba ɗaya, ba ya yin kwarmi mai awo. Ga mai aikin gini da ado, shi ya fi dacewa da kasuwarmu. Leza tana da sauri a abu siriri, amma zafinta yana iya haifar da tsaga a mai kauri. Injin tartsatsin lantarki sai abin da wuta ke bi ta jikinsa, don haka gilashi da alumina sun fita. Gurza da dutsen lu'ulu'u ba tare da girgiza ba har yanzu ita ce ke yin mafi yawan aikin tangaran a duniya.

Malam, ni ɗalibi ne a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai. Me zan koya in ina son wannan fanni?

Ƙanena, girgizar ita ce ƙaramin ɓangaren karatun. Fara da zanen kwamfuta mai fuska uku, da rubuta wa injin CNC umarni, da awo: ka iya riƙe mikromita, ka san abin da mikron 10 yake nufi a hannu. Ka karanta ilimin kayan aiki, musamman yadda tsaga ke gudu. Ka nemi wurin koyon aiki a shagon tur ko da na hannu ne, don wanda bai taɓa jin ƙarfe yana kuka a ƙarƙashin baki ba, ba zai gane lokacin da gilashi ke shirin darewa ba. Littattafan injunan yawanci da Ingilishi ko Jamusanci suke zuwa, saboda haka Faransanci kaɗai ba zai kai ka ba.

An yi mini tayin na hannu daga Turai. Me zan duba?

Ku nemi a kunna shi a gabanku ko gaban wakilinku, a yi gwajin ɗigon ruwa da kowane mariƙi, domin mariƙan suna da tsada kuma zobbansu suna tsagewa in sun taɓa faɗuwa. A auna rawar kan injin da agogon awo. A buɗe murfin hanyoyin zamiya a duba ko garin gilashi ya ci su. A tambayi awannin da kan ya yi yana juyi, ko na'urar tace ruwa tana cikin cinikin, kuma ko kamfanin yana sayar da piyes ɗin wannan samfurin har yanzu. Sannan ku aika musu da irin kayan da za ku riƙa aiki da shi, tare da zanen abin da kuke so, su sassaƙa su dawo muku da shi. In ya iso, a duba gefen ramukan da madubin ƙara girma, musamman wajen fitar baki, a auna shi, kafin a biya ko dala.